Gizon da ke cikin gwangwanin Alhaji Tamarji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan abu, duk sanda na ɗauko waya sai in rasa ta inda zan kama, yau dai nace sai na sauke shi daga ƙirjina. Ni haifaffen Wad Madani ne a nan Sudan, mu ne ake ce wa Fallata ko Takari, a gida Hausa a waje Larabci. Yanzu a Gadarif nake zaune da iyalina tun da yaƙi ya tashe mu.

Kakana na wajen uba duk unguwa Alhaji Tamarji ake kiransa. Tamarji a bakin mutanen Sudan shine ma'aikacin asibiti mai wanke ciwo ya ɗaure, abin da ku a Najeriya kuke cewa diresa. Amma fa bai taɓa aikin asibiti a ƙasar nan ba ko na yini ɗaya, auduga ya tsinta a gonakin Jazira shekara da shekaru, da ƙarfi ya fara ja baya ya koma gashin agashe a bakin kasuwa. Hannunsa ne ya jawo masa sunan. Yaro ya faɗo daga jaki ya karye, lauje ya sari mutum a gona, mace ta ƙone da ruwan zafi, gidanmu ake fara kawowa kafin ayi zancen asibiti. Har yanzu ina ganinsa a ƙarƙashin rumfa yana cewa a tafasa ruwa a zuba gishiri, ya wanke hannu har gwiwar hannu ya daɗe yana wankewa fiye da mai alwala, tsumman da zai ɗaure ciwon ma sai an dafa shi, kuma ko girshi ɗaya baya karɓa. Akwai wani abu da yake yi wanda ya sa aka yi ta ƙananan maganganu a kansa, in ya ɗaure wa mutum hannu ko ƙafa tamau don tsayar da jini, sai ya ɗauki gawayi yayi masa wani zane a goshi, sanda ɗaya a tsaye ɗaya a kwance a samanta, sannan yace maza a tafi da shi wajen likita. Wasu suka ce asiri ne, wasu a ɓoye suka ce abin yayi kama da gicciye. Shi dai bai taɓa tanka wa kowa ba. Mu jikoki kuwa abin da ya dame mu da shi shine duba ƙafa, in damina ta sauka sai ya jera mu ya buɗe tsakanin 'yan yatsunmu ɗaya bayan ɗaya, wanda ƙafarsa ta jiƙe sai ya goge masa da kansa. Kuma daren da ake ruwa mai ƙarfi baya barci, zaune yake kwana a bakin ƙofa da carbi.

Ya rasu ina da shekara 14. Ba wanda na taɓa ji ya tambayi inda ya koyi aikin nan, cewa ake baiwa ce.

Disamba 2023 yaƙi ya shigo Madani. Wanda yake can ya san abin da nake nufi, bazan tsaya kan wannan ba don in na fara bazan gama ba. Goggo, wadda ita kaɗai ta rage a 'ya'yan Kaka, ta shekara uku ɓarin jikinta ya shanye, motar da muka samu kuma direban yace bazai shigo unguwa ba sai dai mu same shi can bayan gari. Muka ɗora ta a kan angarib, gadon igiya ɗin nan namu, mu huɗu muka ɗauka, ni da ƙanena da 'ya'yan maƙwabta biyu. Mun kai bakin ƙofa kenan ta riƙe ƙyaure da hannunta mai lafiya tace wallahi bata fita sai an tono mata gwangwanin da ke ƙarƙashin inda gadonta yake. Nace Goggo ana harbi fa, tace to ku ajiye ni ku tafi. Ƙanena ya koma ya tono, tsohon gwangwanin man shanu ne an naɗe shi da buhu, ta rungume shi a ciki muka kama hanya. Ban san tsawon tafiyar da muka yi da ita a kafaɗa ba amma na san kafin mu kai motar kafaɗata ta saɓule, kuma na gane wani abu da ban taɓa sani ba, in ku huɗu kuna ɗauke da mutum ƙafarku ta zama ɗaya, in ɗaya ya yi tuntuɓe wanda ke kwance ne yake ji, in aka yi harbi kusa ba damar ka kwanta ko ka ruga don gefenka zai faɗi.

Sai da muka yi kusan wata biyu a Gadarif sannan wata rana bayan la'asar ta kira ni tace Ɗana zo ka buɗe, kai ne mai boko. A ciki akwai almakashi mai lanƙwasasshen baki duk yayi tsatsa, da wata lamba ta tagulla mai siffar tauraro mai tsini 6 da ƙyallenta ja a tsakiya, gefe baƙi-baƙin shuɗi da ratsin ruwan lemo, da wani ɗan littafi da ruwa da gara suka ci rabinsa, sai wani ɗan ƙyalle rawaya kamar tafin hannun yaro an saƙa baƙin gizo-gizo a kai, kansa na kallon ƙasa. Na riƙe ƙyallen nan ina juyawa, abin da ya fara zuwa raina laya ce. Goggo tace a'a, Baba soja yayi, sojan Nasara, yaƙin Boma.

Gaskiya raina ya ɓaci a lokacin, bazan ɓoye ba. Don ku gane dalili, kakata matarsa 'yar Maiurno ce, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar. Mutanen Maiurno jikokin waɗanda suka yi hijira ne suka bar ƙasar Hausa don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, Sarkin Musulmi Attahiru yayi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka sauka nan. Da wannan labarin aka yaye mu, shine abin alfaharinmu in yaran Larabawa suka ce mana baƙi. Sai gashi ana ce min kakana ya sa kakin mutanen da suka kashe Attahiru. Goggo ta kalle ni tace to kaga dalili na ɗaya kenan da ya sa ya binne shi, da surukinsa ya sani da bai bashi Inna ba. Na biyu kuma jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 cewa tayi sai kai ko kakanninka na wajen uba kuna zaune a Sudan tun kafin 1898, to mutumin da yake fafutukar samar wa 'ya'yansa takarda ina zai bari a ga littafin da aka rubuta Najeriya ɓaro-ɓaro a kai, har da shekarar da aka sallame shi, 1946. Duk Bahaushen Sudan ya san wannan tsoron, ba sai na yi dogon bayani ba. Tace da zai rasu abu biyu ya gaya mata, kar ki nuna wa kowa, kar kuma ki ƙona.

Daga ranar na shiga nema. Aiki babu, makarantar da nake koyarwa a rufe, netwok yau akwai gobe babu, akwai ma lokacin da aka yi makonni ba intanet sai mutum ya biya kuɗi a wajen masu Starlink na awa ɗaya. Turancina na lissafi ne ba na tarihi ba, sai na haɗa da wani ɗan kawuna da ke karatu a Kano, ina ɗaukar hoton shafi in tura masa ta WhatsApp shi ya karanto. Abin da ya rage a littafin kaɗan ne, sunan Kaka amma maimakon sunan ubansa sai aka sa Haɗeja, ashe haka sojan Ingila suke yi, su ɗauki sunan garin mutum ko ƙabilarsa su maƙala masa, sai lambarsa da ta fara da NA wadda ake ba 'yan Najeriya, sai haruffa biyar WAAMC. Wurin da aka rubuta ainihin rukuninsa ruwa ya cinye.

Haruffan nan su ne sashen likitoci da masu jinya na sojan Afirka ta Yamma. Gizon kuma shi ya buɗe min sauran, tambarin runduna ta 81 ce, wadda aka haɗa a 1943 da mutanen Najeriya da Gwalkwas wato Gana ta yanzu da Saliyo da Gambiya. Ananse suke ce masa a Gana, mu kuma Gizonmu ne na tatsuniya, mai wayon da yake kayar da wanda ya fi shi ƙarfi. 'Yar uwarta runduna ta 82 tambarinta mashi biyu ne a kan gammo, gammo dai na ɗaukar kaya, don yawancin kayan yaƙin a ka aka ɗauke su. Tauraron kuma lambar Boma ce da ake ba wanda yayi yaƙi a can. Na juya bayanta ina neman suna, babu, daga baya na gane haka Ingila take bayar da su ba a rubuta suna.

Na bi tafiyarsu kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya. Daga Ikko a jirgin ruwa, suka kewaya ta ƙasan Afirka ta Kudu suka sauka Bombay a Indiya a 1943, daga nan jirgin ƙasa ya ratsa da su Indiya har gabas, Chittagong, sai wani wuri Chiringa inda hanya ta ƙare. Daga nan da adda da diga da shebur suka sare hanyar jif mai tsawon mil 75 a cikin duwatsu da kurmi don su faɗa kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan na Boma. Abincinsu da harsashi da magani duk daga sama jirage ke jefo musu da lema, don ba wata hanyar. Farkon 1944 suka yi ta turawa kudu har Kyauktaw, watan Maris 'yan Japan suka juyo musu da ƙarfi dole suka ja baya, bayan damina suka sake shiga, a Janairun 1945 su da runduna ta 82 suka kama Myohaung. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin Haɗeja ba.

Inda na fi daɗewa shine aikin su Kaka kansa. Sunan rukunansu da Turanci akwai kalmar ambulan a ciki, da farko na zaci mota yake tuƙawa, ashe ba mota ko ɗaya a dajin, ambulan ɗin mutane ne, likitoci Turawa kaɗan sai diresoshi da odaloli da masu ɗaukar gadon marasa lafiya, baƙaƙe. In soja ya faɗi su ne za su je inda ya faɗi, a tsayar da jini a ɗaure, a ɗauko shi a kafaɗa zuwa inda likitan bataliya yake, daga can a sake ɗauka zuwa baya, wani lokaci a saka shi kwale-kwale a kogi, in an yi sa'a akwai ɗan filin da aka share a daji ƙaramin jirgi ya sauka ya ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Hawan dutse, taɓo, matsattsaku na shan jinin ƙafa, ga maharba a ɓoye cikin gora. Da na karanta wannan sai na taɓa kafaɗata inda tabon angarib yake. Ni rabin yini na ɗauki Goggo a ƙasa shimfiɗaɗɗiya.

Kuma ba harsashi ne ya fi kwantar da mutane ba, ciwo ne. Janar Slim da ya shugabanci sojan Ingila a Boma da kansa ya faɗa cewa a 1943 duk mutum 1 da aka fitar saboda rauni, 120 aka fitar saboda rashin lafiya. Zazzaɓin sauro, atuni, wani mugun zazzaɓi da ƙananan ƙwarin cikin ciyawa ke sawa, gyambo, ƙafa ta ruɓe a cikin takalmi saboda jiƙa. Akwai wata ƙwaya rawaya mefakirin da ake tilasta wa kowane soja ya haɗiya kullum saboda sauro har fatar Turawan ta koma rawaya. Duba ƙafa kuwa aiki ne da ake yi wa soja a kai a kai. Ranar da na ga wannan na ajiye wayar na fita waje, don na tuna yadda muke gudu muna ɓuya in Kaka yace a kawo ƙafa. Zanen gawayin ma na same shi, ba asiri ba ne ba gicciye ba, harafin T ne na boko, ƙa'ida ce in an yi wa mutum ɗaurin tsayar da jini a rubuta masa shi a goshi don likitan da zai karɓe shi ya sani ya kwance da wuri kada gaɓar ta mutu. Shekara arba'in yana rubuta wa likitocin Madani saƙo a goshin mutane, unguwa na zarginsa, kuma ya gwammace zargin da ya faɗi inda ya koyo.

Na ci karo da labarin wani Bayarabe, Isaac Fadoyebo, shima ma'aikacin jinya ne a rundunar. Ran 2 ga Maris 1944 'yan Japan suka afka wa rukuninsu a bakin kogin Kaladan suka kashe likitoci da ma'aikata, shi aka harbe shi a ƙafa aka bar shi a matsayin gawa, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi da wani ɗan Saliyo yana ciyar da su kusan wata 9 har aka zo aka cece su. Musulmin yankin nan su ne yau ake kira Rohingya, waɗanda aka kora daga gidajensu a 2017. Ina zaune a ɗakin haya a Gadarif da katifa biyu da tukunya ɗaya ina karanta wannan, ban san sanda hawaye ya zubo min ba.

Sunan Kaka dai ban same shi ba. Na rubuta wa ofisoshi biyu, ɗaya ya amsa da cewa takardun sojan Afirka ba a wajensu suke ba, ɗayan har yau shiru. Littattafan da kowane rukuni yake rubuta abin da ya faru kullum suna ajiye a Kew a Landan, wani abokin ɗan kawuna da ke karatu a Ingila Allah ya saka masa da alheri ya ɓata yininsa guda ya ɗauko mana hoton wasu shafuka na rukunan jinyar rundunar. Na bi su layi layi da ƙamus. Hafsa Bature in ya zo ko ya tafi ko yayi zazzaɓi ga sunansa nan da muƙaminsa, namu kuwa mafi yawa ƙirga su ake yi, baƙaƙen soja kaza sun iso, kaza sun kwanta. Wannan abu yayi min ciwo kuma har yanzu yana min. Mutum ya ɗauki ɗan wani a kafaɗa ya hau dutse da shi ana harbi, a rasa tawadar rubuta sunansa.

Fushin da na yi da shi kuwa ya tafi tun tuni. Goggo tace ba shi ya kai kansa ba, sarakuna aka ɗora wa kawo samari, mai garinsu ya nuna shi don maraya ne ba mai tsaya masa. Ko da ma shi ya kai kansa, ni da na ga yadda yaƙi yake jan mutum ba tare da ya tambaye shi ba, bani da bakin yi masa hukunci. Mutanen Maiurno suna da gaskiyarsu kuma ina alfahari da jininsu a jikina, amma shima bai ɗauki bindiga ya harbi kowa ba iyakar abin da takardarsa ta nuna, almakashi ya riƙe.

Da na gama tattara abin da na samu na zauna na gaya wa Goggo duka, ina nuna mata taswira a waya. Da na nuna mata inda Boma take da inda Makka take sai ta yi shiru, can tace ashe da hankalinsa. Nace wa? Tace Baba. Labari ɗaya tak ya taɓa bata na yaƙin, shima a ciwon ajali, ita kuma ta ɗauka zafin zazzaɓi ne don ya fara da cewa a ƙasar ana sallah ana kallon faɗuwar rana. Yace akwai wani yaro ɗan wajen Katagum da aka harba a ciki, su huɗu suka ɗauke shi kwana biyu ana ruwa ba tsayawa, yaron yana ta kiran innarsa da Hausa, daren na biyu ya cika a kafaɗarsu. Sajan yace a ajiye shi nan, Kaka ya roƙa a bari su kai shi tudu inda ƙasa bata zama ruwa ba. Shi yayi masa wanka da ruwan sama a kwanon cin abincinsa, suka haƙa da adda, da suka zo kwantar da shi sai gardama ta tashi, su duk gabas suka sani alƙibla tun suna yara, wani malami a cikinsu yace a'a mun wuce Makka tana bayanmu, a juya shi yamma. Kaka yace a bakin kabarin nan ya ɗauki alkawari in Allah ya fitar da shi zai je Makka sau biyu, ɗaya nasa ɗaya na yaron. Shi ya sa da aka sallame shi bai yi shekara uku a gida ba ya kamo hanyar gabas, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, Abeche, Jinena, Ubayyid, kuɗi ya ƙare a Jazira ya tsaya tsintar auduga. Mun san yayi hajji biyu ta tashar jirgin ruwan Sawakin, kullum ana faɗa a gida, ba wanda ya san na biyun na wani ne.

Sunan yaron Goggo ta manta, ko kuma bai faɗa ba, ita kanta bata tabbatar ba. A Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai da aka rubuta sunayen kusan mutum 27,000 da suka mutu a yaƙin Boma ba a san kabarinsu ba, kuma hukumar da ke kula da kaburburan ta sa sunayen a intanet, ana iya nema da sunan runduna. Na shiga na nemi na Najeriya, sai ga sunayen gidanmu suna ta fitowa, da garuruwa a maƙale a bayansu, Kano, Sakkwato, Bauci, Katsina, Zariya. Goggo tace karanta min ko zan ji wanda kunnena ya sani. To tun daga ranar kullum bayan isha in akwai caji sai in zauna a bakin angarib ɗinta in karanto, duk sunan da na kira tace Allah ya jiƙansa ni in ce amin, matata ma ta fara zama, yaran ma. Sau biyu tana cewa tsaya maimaita wannan, in maimaita, tayi shiru sannan tace a'a wuce. Jiya muka shiga harafin M, masu suna Mamman da Musa da Momodu suna da yawa ƙwarai, ina jin za su kai mu ƙarshen wata.